Allurar Garmahon Baffa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu duka, kuma Baffa ya riga mu amsa kira.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, tabarmin zaman makoki sun wuce ƙofar gidansa da ke Gaya har sun kai gindin darbejiyar maƙwabta. Ina zaune a bakin zaure, ina miƙa hannu ina cewa amin, amma rabin abin da ake faɗa bai shiga kunnena ba. Kaɗan ne suka zauna mini a rai.

Limamin unguwarmu ya ce tun da aka ba shi limanci bai taɓa yin sallama ya waiwaya damansa bai ga Baffa ba, sai in yana kwance ba lafiya. Yana gama faɗa ya ci gaba da jan carbi.

Wani dattijon Bafulatani ya zo daga wajen Gafasa, ya jingine sandarsa, ya zauna a can gefen tabarma. Babu wanda ya san shi a cikinmu. Da aka shafa addu'a sai ya ce, wata shekara shanunsa sun faɗa gonar gyaɗar Baffa sun yi ɓarna, jama'a suka taru ana cewa a tafi wajen mai unguwa. Baffa ya zo ya zagaya gonar, ya dubi shanun, ya tambaye shi ko sun sha ruwa.

"Na ce ba su sha ba. Ya ce in kora su rijiyarsa. Maganar ke nan, bai ƙara komai ba."

Ya sauke malafarsa ya rufe fuska da ita.

A cikin gida ba a ji kukan Iya, matar Baffa, ba. Matan da ke fitowa suna cewa tana zaune ne kawai tana kallon ƙasa, in an yi mata gaisuwa ta gyaɗa kai.

Can da yamma wani tsohon tela daga Toranke, sa'an Baffa, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Garmahon yana nan?"

Wani ɗan'uwanmu matashi da ke gefe ya haɗe rai. "Baba, yau ranar addu'a ce."

"Na sani, ɗana," in ji tsohon. "Tambaya kawai na yi."

Ban ba shi amsar kirki ba a ranar. Amma na lura cewa kowa ya kawo Baffan da ya sani, na masallaci da na gona, kuma akwai wanda ba za a faɗa a kan tabarma ba. In ban rubuta shi ba, zai bi mu ƙasa.

Baffa yayan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu a wata shekarar sanƙarau, ina da shekara biyu. Mahaifiyata ta koma gidansu a Ajingi, daga baya ta yi aure, ni kuma Baffa ya riƙe ni. Babu hoton mahaifina ko ɗaya. In na tambaya yaya kamanninsa suke, sai a ce in dubi Baffa in ƙara masa tsawo.

Gajere ne Baffa, mai saurin tafiya, manomin gyaɗa da gero. Ba ya son hayaniya. In mutum yana masa magana da ƙarfi sai ya ce, "Rage, ina jin ka." Bai taɓa dukana ba. In na yi laifi sai ya kira ni, ya sa ni in zauna, ya ci gaba da gyaran fartanyarsa kamar ya manta da ni, har sai na gaji na fara faɗin laifin da bakina.

A ɗan ɗakin da ke cikin zaure yake ajiye garmahonsa. Akwatin kaɗa faifan waƙa ne mai murfi, ruwan ƙasa, da sifika ɗaya a jikinsa. Tun yana saurayi ya sayo shi a Kano lokacin ci-rani. Da batirin mota yake kunna shi. Faya-fayansa na cikin wata tsohuwar adaka, kowanne a rigarsa ta kwali: kiɗan manoma, kiɗan garaya, na kukuma, da biyu ko uku na Larabawa da shi ma bai san abin da suke cewa ba. Ranar Juma'a bayan la'asar yake buɗewa. Zai goge faifan da wani yankin farin rawani, daga tsakiya zuwa baki, ya hura, ya ɗora, sannan ya sauke allurar a hankali yana riƙe numfashi. Ba ya ƙure sauti. Yakan ce, "Ba ƙara nake nema ba, in ji abin da mutum ya ce nake so." Kuma ba ya ɗage allura a tsakiyar waƙa. In na ƙosa na ce a canja, sai ya ce, "Bari ya gama maganarsa." Saboda haka yake duba rana kafin ya ɗora na ƙarshe, don kada kiran magariba ya same shi a tsakiya.

A kan hannun garmahon, daidai saman allurar, akwai tsohon kwabo mai huji da ya ɗaure da zare. Allurar ta tsufa, tana tsalle, nauyin kwabon ne ke danne ta.

Akwai faifai guda da ba ya cikin adakar. Ƙarami ne, ba shi da riga, a naɗe yake cikin wani tsohon ɗankwali, takardar tsakiyarsa ta ɓare saboda danshi. Sau ɗaya yake fito da shi a shekara, idan an gama kawo amfanin gona gida. Ranar zai aika a kira ni ko ina wajen ƙwallo, ya ce in zauna. Ni dai abin da nake ji shi ne shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, can ƙarƙashi wani mawaƙi da 'yan amshinsa, muryoyinsu a cure wuri ɗaya. Baffa yakan zuba mini ido har a gama. Sai ya tambaye ni, "Ka ji?" In ce na ji, don a sallame ni. Ya naɗe faifan ya mayar.

Da na girma na tafi Kano na koyi gyaran waya, har na buɗe ɗan shagona. Baffa ya sa mini suna Injiniya, rabi wasa rabi alfahari. Ni kuma na ɗauki sunan da gaske. Na sa masa sola a gida, na raba shi da ɗaukar batir zuwa wajen caji. Daga nan sai idona ya koma kan garmahon. Duk Juma'ar da na zo na ji wannan shuuu ɗin, na ga kwabon nan da zare, sai abin ya dame ni.

"Baffa, a bari in canja maka allurar nan."

"Ta yi maka wani abu?"

"Ta mutu. Ita ke cinye maka faya-fayan."

"Ka san irinta?"

"Allura ai allura ce."

Ya dube ni ya ce, "To bar ta tukuna."

Ban bari ba. A wajen wani mai tsofaffin kayan rediyo na tsinci wata allura da kanta, wato ɗan ƙullin da take maƙale a jiki, wanda ke ɗaukar sautin. Ban tambayi ta wane irin faifai ce ba, ban duba bakinta ba. Na zo Gaya wata Asabar da hantsi, Baffa yana gona. Na shiga ɗakin, na tsinke zaren, na cire tsohon kan, na ɗaura sabon da 'yar wayar wuta da gam. Ina so ya dawo ya tarar da abin mamaki. Da na zo gwaji sai na ce bari in ɗauko wanda ya fi kowanne rashin fita, don bambancin ya fito sosai. Na san inda ɗankwalin yake.

Na ɗora, na sauke hannun. Sautin ya fito da ƙarfi, da wani kaushi kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Na tsaya ina murɗa maɓalli ina neman gyara shi. Ban lura da wani siririn baƙin zare da ke nannaɗowa daga bakin allurar ba. Naman faifan ne take yankowa.

Ban ji shigowar Baffa ba. Hannunsa kawai na gani, da ƙasar gona a jiki, ya ɗage allurar. Wannan ne karo na farko da na ga ya katse waƙa.

Ya ɗauki faifan ya kai bakin ƙofa wajen haske. Daga bakinsa zuwa kamar faɗin yatsa ya yi fari-fari. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya aike ka?"

Da na yi shiru a nan, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma kunya ta sa ni tsiwa.

"Baffa, gyara na zo yi. Kuma waɗannan tsofaffin waƙoƙin duk suna cikin waya yanzu. Sai in tura maka ɗari."

Ya miƙo mini faifan kusa da fuska. "Nemo mini wannan a wayar."

Babu suna a jiki, ban san mawaƙin ba, ban san me zan rubuta ba. Na tsaya da waya a hannu.

"Tashi ka ba ni wuri," in ji shi. Bai ɗaga murya ba.

Daga ranar ɗakin ya samu kwaɗo. In na zo gaishe shi yana amsawa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, amma ya daina ce mini Injiniya. Juma'a ta zo ta wuce babu kiɗa a zauren. Kaka ta zo, aka kawo gero gida, ba a kira ni ba. Ni ma na yi fushi, ina ganin an yi mini hukuncin da ya fi laifina.

Iya ce ta gaji. Wata rana na shiga gaishe ta tana tsince wake a faranti, ta ce in zauna.

"Kai har yau ba ka san abin da ka taɓa ba ko?"

"Faifai ne, Iya. Na ba shi haƙuri."

Ta ajiye farantin. Ta ce lokacin da Baffa da mahaifina suke samari, sun je ci-rani Kano, suka faɗa hannun wani mawaƙin manoma, suka zama 'yan amshinsa. A wannan ranin aka ɗauki waƙarsu a faifai, sau ɗaya tak. Kakanmu malami ne mai tsanani. Wata ranar kasuwar Ajingi yana wucewa ya ji ana kaɗa faifan a lasifika, ya tsaya, ya gane muryoyin 'ya'yansa. Da suka dawo ya tara su ya ce su zaɓa, ko shi ko waƙa, kuma kada ya sake jin zancen a gidansa. Suka bari. Baffa ya yi masa alkawari, kuma ko bayan rasuwar tsohon bai iya buɗe baki ya karya ba.

"Muryar ubanka tana ciki," in ji Iya. "Ita kaɗai ta rage a duniya. Ya kasa faɗa maka, shi ya sa yake zaunar da kai, ko Allah zai sa ka ji da kanka."

Ban san lokacin da na fita daga gidan ba. Na tsinci kaina a bayan gari, a bakin wata gonar dawa, ina kuka kamar yaro, da gemuna.

Ban koma wajen Baffa da baki ba, don na san ba baki yake so ba. Na shiga neman wanda ya san abin. Da ƙyar aka haɗa ni da wani tsoho a cikin birni da ya yi gyaran garmaho a zamaninsa, yanzu yana sayar da fitilu. Na kai masa allurar da na sa. Ya duba ta da gilashi ya ce bakinta a karye yake, kuma ko da lafiyarta ta manyan faya-fayan zamanin da ce masu kauri, ba ta irin na Baffa ba. Ya ce kwabon ma ɓarna yake yi a hankali, amma ni na yi ta shekara ashirin a minti ɗaya.

Wajensa na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Ya ce tsohon akwatin Baffa hannunsa nauyi ne da shi, ko an sa masa sabuwar allura zai ci gaba da cin faifai. Sai dai a samo wani garmahon mai dunƙulen ƙarfe a bayan hannu, wanda ake murɗawa har allurar ta sauka da nauyin da bai fi na ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ya koya mini daidaita kan don ya zauna sak a cikin layin, da wanke faifai da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu, a shanya a inuwa. Na yi ta gwaji a kan wasu faya-fayai da na tsinto, waɗanda ba na kowa ba. Kafin in samu garmahon daga Legas, in samu sabon kai da allurarsa, in haɗa da sifika biyu, shekara ta zagayo har da wata uku.

A cikin wannan shekarar Baffa ya yi wani zazzaɓi mai zafi. Ya tashi, amma ya bar kunnensa a ciki. Da ma jin ya fara raguwa. Yanzu sai an kai baki dab da kunnensa na hagu an ɗaga murya. Mutumin da ke cewa a rage, shi ake yi wa ihu.

Na kawo kayan wata Juma'a. Na shimfiɗa su a zaure, na durƙusa a gabansa. Ya dubi garmahon, ya dube ni. Ya kai yatsa ya taɓa hannun, ya ga yadda yake lilo.

"Wannan ba zai tsaya ba," ya ce da ƙarfi, don ba ya jin muryar kansa. "Ba nauyi."

Na kai baki kunnensa. "Haka ake so, Baffa. Ba zai ci faifai ba."

Ya laluba aljihu ya miƙo mini mukullin ɗakin.

"Ɗauko na garaya. Shi za a fara gwadawa. Kira mini Iyarku."

Iya ta zo ta tsaya a ƙofar da ke shiga cikin gida. Na wanke faifan, na goge, na jira ya bushe, Baffa yana bin hannuna da ido. Da allurar ta sauka, garayar ta fito tas, har ana jin yatsan makaɗin yana goga tsirkiya. Baffa bai kalli garmahon ba, Iya yake kallo. Ta dafe ƙirji, ta matso ta sunkuya a kunnensa.

"Malam, kamar mutumin yana zaune a nan."

Da waƙar ta ƙare ya karɓi faifan ya kai haske, ya juya shi, ya shafa. Babu ko ƙura. Ya tashi da kansa ya shiga cikin gida. Ya dawo da ɗankwalin.

Wurin da na ɓata ya fara wucewa, ƙarr, ƙarr, kowane zagaye kamar ana yanka ni. Baffa bai ji ba, amma yana gani. Ya matso dab da garmahon, idonsa a kan allurar, hannunsa ɗaya a kan gwiwata. Sai kaushin ya yanke. Kalangu ya fito, mawaƙin ya fito, ga 'yan amshi, kuma a karon farko na ji ba dunƙule ɗaya ba ne, mutane ne, har huɗu, kowa da muryarsa.

Allurar ta ci kamar rabin faifan. Baffa ya ƙara sunkuyawa. Ya san wurin da ido. Sai na ji ya matse gwiwata.

Mawaƙin ya yi shiru, sauran suka yi shiru, wata murya ta ɗauki amshin ita kaɗai. Ta saurayi ce, wanda bai kai shekaruna ba. Layi biyu ya yi. A ƙarshen na biyun numfashinsa ya ƙare, ya yi 'yar dariya, sauran suka rufe shi.

"Ya fito?" in ji Baffa.

Na gyaɗa kai.

"Ka ji shi sosai?"

Na sake gyaɗawa.

Ya jawo ni ta wuyan riga ya kai kunnensa bakina. "Faɗa mini yadda take. Na fara mantawa."

Ban san yadda ake kwatanta murya ba. Na haɗiye kuka na yi ihu a kunnen tsohon nan, a cikin zaure, mutane na wucewa a waje. Na ce siririya ce, tana ɗan rawa a ƙarshe. Na ce ya makara shiga, sai da kalangu ya jira shi. Na ce ya yi dariya.

Baffa ya saki rigata. Ya yi dariya shi ma, hawaye na bin gemunsa.

"Kullum sai ya makara," ya ce. "Ko gona sai na tashe shi."

Ya goge fuska da hannun riga. Ya ce, "Sake sawa, Injiniya." Sau uku muka saka a ranar. A na ukun ya ɗora tafin hannunsa a kan sifika ya rufe ido.

Wata biyar ya yi bayan nan. Duk Juma'a ina zuwa, in kunna, shi yana zaune yana kallon faifan na juyawa, in ya ga na yi murmushi shi ma ya yi. Ciwon ajalinsa kwana huɗu ne, a tsakiyar damina, gyaɗarsa ta fara fure. Ina shago a Kano aka kira ni. Kafin motar Gaya ta cika ta tashi, ya cika.

Da Iya ta fita takaba na je gaishe ta. Ta ce 'ya'yansa sun yarda in ɗauki garmahon da adakar. Kafin in ɗaure kayan na roƙe ta ta zauna mu ji ƙaramin faifan tare, don akwai abin da ya hana ni sukuni tun ranar rasuwar. Duk watannin nan kunnena na wajen mutum ɗaya. Ina jiran a zo rabin faifan, in ji layi biyun nan. Ban taɓa tambayar Baffa komai game da kansa ba.

Da 'yan amshin suka shigo na ce, "Iya, wacce ce tasa?"

Ta karkata kai ta saurara har aka gama. Na sake sawa. Akwai wata mai kauri a ƙasa, akwai wata mai ɗan shaƙewa, akwai wata a tsakiya da ba ta fiya fitowa ba.

"Wallahi ban sani ba," ta ce. "Bayan ya bari aka ɗaura mana aure. Shekara hamsin ina gidansa, ban taɓa jin ya rera komai ba, ko a gona."

Faifan ya ci gaba da juyawa bayan waƙar ta ƙare.

Yana ciki, wannan na tabbata. Ɗaya ne daga cikin ukun nan da suke shigowa su rufe ƙanensa lokacin da numfashinsa ya ƙare. Ina saurare har yau, ban gane shi ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa. Yadda ya riƙe maraya bai gajiya ba, Ka riƙe shi da rahamarKa. Ka sada shi da ƙanensa da mahaifinsu a inda babu sauran saɓani. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.